Ƙasar da kowane gari ke da suna biyu

Kun ce mu riƙa rubuto muku abin da muke gani a nan Italiya tsakanin karatu da karatu, to ga na wannan karon.

Mu uku muka hau jirgin ƙasa daga Verona wata Asabar cikin Oktoba, muka nufi duwatsun da ke kan iyaka da Ostiriya. Can bayan mun wuce Trento sai allunan tasha suka koma suna bibbiyu: Bolzano da Bozen, Bressanone da Brixen. Lardin ma haka ne, Alto Adige a bakin mai Italiyanci, Südtirol a bakin mai Jamusanci. Kusan mutum bakwai cikin goma Jamusanci suka tsotsa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu Italiyanci, sai 'yan kaɗan a kwarin Gardena da Badia masu wani tsohon yare, Ladin.

A Brixen muka sauka, muka taka zuwa Neustift, gidan sufayen Katolika da aka kafa a 1142, wanda har yau yana matsar inabi. Daga nan muka hau tudu zuwa wani gidan gona. A kaka manoma sukan buɗe zaurensu ga baƙi su ɗanɗana sabon ruwan inabi, al'adar da suke kira Törggelen. Wata tsohuwa muka tarar a ƙofa. Muka gaishe ta da Italiyancin da muka sha gumi kafin muka koya. Ta dube mu, ta amsa da Jamusanci, ta juya ciki.

Gaskiya ranmu ya sosu. Wanda ya zauna a Turai da baƙar fata yakan saba da irin wannan juya baya, har ya riƙa ganin ta ko inda babu. Muka zauna dai, tunda mun riga mun hau tudun kuma yunwa ba ta san fushi ba.

Aka kawo Knödel, wato dunƙulen busasshen burodi da aka kwaɓa da madara da ƙwai da naman alade mai hayaƙi, aka dafa a romo. Abincin talaka ne da ba ya zubar da burodin jiya, masu Italiyanci kuma sun karɓe shi suna ce masa canederli. Aka kawo wani burodin hatsi mai faɗi da tauri, sai an fasa shi da hannu. A teburan kusa ana ta zagayawa da jan ruwan inabi. Mu kun san tarbiyyarmu, ruwan tuffa muka roƙa, kuma ba mu yi asara ba, don kwarin nan cike yake da gonakin tuffa.

Jikar tsohuwar ce ke hidima. Da muka yi mata ƙorafi cikin wasa, ta yi dariya, ta ce kakarta ko ɗan Roma ne ya zo haka za ta amsa masa, kuma gaisuwar da ta yi mana, Grüß Gott, da sunan Allah ce. Sa'an nan ta zauna ta ba mu labari.

Ƙasar nan ta Ostiriya ce har ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, yarjejeniyar 1919 ta ba Italiya ita. Da Musolini ya hau mulki aka hana koyarwa da Jamusanci a makarantu, aka ɗora wa garuruwa da koguna sunayen Italiyanci, har rubutun kan kabari bai tsira ba. Sai wani limami, Michael Gamper, ya shirya makarantun ɓoye a ɗakunan manoma. Aka kira su makarantun katakom, da sunan kogunan kaburbura na Kiristocin farko a ƙarƙashin Roma. Yawancin malaman 'yan mata ne. Ɗaya daga cikinsu, Angela Nikoletti, an kama ta an tsare, ciwon huhu ya kashe ta a 1930 tana da shekara 25. Sa'armu ce, 'yan'uwa. Laifinta koya wa yara karatu da yaren uwarsu.

Abin da ya fi ciwo ya zo a 1939. Hitler da Musolini suka ce kowa ya zaɓa: ya bar gonarsa ya koma ƙasar Jamus ya riƙe yarensa, ko ya zauna ya zama cikakken ɗan Italiya. Fiye da kashi 80 cikin ɗari suka zaɓi tafiya, kimanin 75,000 suka tafi da gaske. Wa da ƙane suka daina gaisawa, masu zama ana kiransu maciya amana, alhali majami'a ɗaya suke durƙusawa.

Sai a 1972 lardin ya sami cikakken ikon tafiyar da kansa. Zaman lafiyar da suka samu na ƙidaya ne: kowa ya bayyana rukunin yarensa, ana raba aikin gwamnati bisa yawan kowane rukuni, makarantu kuma kowa da tasa. Ba mu ce tsarin ya burge mu duka ba. Yaran unguwa ɗaya suna iya girma ba su taɓa zama aji ɗaya ba. Amma wanda ya taɓa ganin abin da rikicin ƙabila ke yi wa gari ba zai yi saurin raina shi ba.

Da za mu tafi tsohuwar ta fito da gasassun 'ya'yan itace masu ɓawo a ƙunshin takarda, da zafinsu, ta danƙa mana. Muka gwada maimaita gaisuwarta, muka kwaɓa ta, ta gyara mana har sau biyu.

A jirgi, muna ɓare su, ɗayanmu ya ce bari ya ƙirga ɗaya zuwa goma da Ngas, yaren kakarsa. Ya kai shida ya tsaya. Ya sake farowa, ya sake tsayawa a shida. Ya ciro waya zai kira mamarsa, sai jirgin ya shiga ramin dutse, layi ya ɗauke.