Ragon Maƙwabci Ya Fi Namu Ƙaho

Maganar da za mu yi a wannan wata ta gasa ce, kuma da gidanmu za mu fara, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A shekarar 2017 Babbar Sallah ta faɗo ranar Juma'a 1 ga Satumba, ranar Litinin 4 ga wata kuma aka buɗe makarantu. Kwana uku ne tsakani. Tun da saura mako guda wani maƙwabcinmu a nan New Bell ya ɗaure wani ƙaton rago a ƙofar gidansa, mai ƙaho a murɗe, yaran unguwa suka yi ta zuwa kallo har da masu auna ƙahon da taƙi. Namu yaran suka dawo gida suna tambaya, "Baba, mu yaushe namu zai zo?" Muna da kuɗin adashi da muka ajiye don makarantar babbar 'yarmu wadda za ta shiga sakandare. To, wallahi ba wanda ya matsa mana. Da ƙafarmu muka je kasuwar dabbobi, muka wuce matsakaitan raguna waɗanda sun isa layya sarai, muka kama wanda zai iya tsayawa kusa da na maƙwabci. An yanka, an soye, an raba, kwana huɗu nama ya ƙare. Yarinya kuwa ta yi mako uku a gida tana kallon ƙawayenta suna wucewa da jaka. Daga baya muka ji shi ma maƙwabcin bashi ya ci.

Ba mu ce gasa baƙuwa ce a New Bell ba. Unguwar ma da matsi aka haife ta, tun da Jamusawa suka ware ta wajen 1914, shekarar da suka rataye Rudolf Duala Manga Bell saboda ya ƙi yarda a ƙwace ƙasar mutanensa. Nan baƙi suka taru, Hausawa da Bamileke da Basa da Ewondo, kowa yana neman inda zai sa ƙafa. Kakanninmu da goro da shanu da fawa suka yi wa kansu wuri. Har yau ku tsaya da dare inda masu tsire, wanda mutanen gari ke kira soya, suka yi layi: kowa yana ƙoƙarin yajinsa ya fi na ɗan uwansa, namansa ya fi laushi, amma in garwashin wani ya mutu na kusa da shi ne zai ɗebo masa. A nan unguwar Samuel Eto'o ya taso yana buga ƙwallo, kuma ba da zaman lalaci ya kai Barcelona ba.

Abin da ya sauya shi ne inda muke zuba ƙarfinmu. Waɗanda suka yi wayo a watan Janairun 1994 sun tuna ranar da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Kayan waje suka yi tsada, muka zaci lefe zai ragu, za a koma wa atamfar CICAM ta gida. Ina! Akwatuna ma ƙaruwa suka yi, don uwar amarya ba ta so a ce na 'yar wance sun fi. Yanzu kuma ga wayar salula, kafin a gama buɗe akwati hotonsa ya kai Garwa da Kano.

Maƙwabtanmu Bamileke su ma suna da tasu gasar, wanda ya taɓa zuwa bikin tunawa da mamaci a ƙauyukansu ya ga yadda ake ɓarin kuɗi. Sai dai adashinsu, wato tontin, sau da yawa shago yake haifarwa, ko fili, ko kuɗin karatun yaro har jami'a. Namu kuwa yawanci a suna da biki yake ƙarewa.

Shekarar da ta biyo mu bakwai muka haɗa kuɗi muka sayi sa ɗaya, kamar yadda shari'a ta yarda. An yi mana dariya a majalisa, wani ma ya ce ko karayar arziki ce ta same mu. Maƙwabcin nan na cikin bakwai ɗin, kuma shi ya riƙe igiya ranar yanka.