4NT Ba Kullum Take Tambayar A Ba

Duk wanda ya kwana a hostel ya san Whot. Ni kuwa tun wani dogon hutu da aka yi muna shekarar farko na faɗa wa biriji, wasan karta na mutum huɗu, biyu-biyu, kowa da kati 13. A Bridge Base Online muke bugawa ni da abokin ɗakina, da mutanen Indiya da Turkiyya da Amurka, ba ko kwabo a ciki sai kuɗin data.

Kafin a ajiye kati ko ɗaya sai an yi tayi, kamar a gwanjo. Kowane ɓangare na faɗin zagaye nawa zai cinye cikin 13, da irin katin da zai yanka saura, ko kuma NT, wato babu mai yanka wani. Ba ƙifta ido, ba tari. Da tayin kaɗai za ka gaya wa abokinka abin da ke hannunka. Alkawarin zagaye 12 shi ne ƙaramin silam, 13 babba.

Lissafin ba wuya. A maki 4 ne, K 3, Q 2, J 1, gaba ɗaya 40. A tsarin Amurka da muke bi, wanda ya buɗe da 1NT yana da 15 zuwa 17, a Ingila kuwa da yawa na buɗewa da 12 zuwa 14. Ƙaramin silam na son 33 tsakanin mutum biyu. Me ya sa 33? Saboda abin da ya rage wa abokan hamayya 7 ne, A biyu kuwa 8 ne, don haka ba yadda za a yi su riƙe biyu. Babba na son 37, saura 3, ko A ɗaya ba za su samu ba. Ranar da na gane wannan, wallahi ya fi mini wasu darussan lissafin aji daɗi.

To ga inda rigima take. Easley Blackwood ya fito da tsarin da 4NT ke nufin "A nawa gare ka?", kuma sabon shiga na haddace shi kamar karatun allo. Amma kai tsaye bayan 1NT, 4NT wata magana ce daban: ina da 16 ko 17, in kana saman ma'auninka ka ce 6NT, in kana ƙasa ka yi shiru. Mai 18 ba ya ma tambaya, 6NT zai ce abinsa. Mai son ƙirga A kuwa sai ya bi ta hanyar John Gerber, mutumin Houston, wanda ya yaɗa tsarinsa a 1938: ka ce 4♣, abokinka ya amsa 4♦ in babu ko duka huɗu, 4♥ ɗaya, 4♠ biyu, 4NT uku.

Ra'ayina, mutane sun cika son Gerber. Tambaya ce mai sa mutum ya ji shi gwani ne, alhali A huɗu zagaye huɗu kawai suke ba ka, saura takwas fa? Inda take da amfani shi ne hannu mai dogon layi. A ce ina da ♠ bakwai masu ƙarfi, A ɗaya, da K-K a gefe. Makina bai kai ba, amma zagaye na da yawa, tsorona kawai kada a cinye biyu tun farko. In ya nuna A biyu, 6♠. In ɗaya ne, na tsaya a 4♠ lafiya lau.

Kuma bambancin ba ƙarami ba ne. In ba a cikin yanayin ninkin hukunci, 6NT da aka cika 990 ne, wanda ya tsaya a 3NT ya ci 12 ɗin kuma 490. Wanda ya haura ya gaza da zagaye ɗaya, abokan hamayya ne ke kwashe 50, shi ya tashi a tutar babu.

Dokar wasan ta hana yarjejeniyar ɓoye. Abokin hamayya na da ikon tambayar ma'anar 4♣ ɗinka, dole kuma a gaya masa gaskiya. Shi ya sa muka rubuta namu a shafin ƙarshe na littafin firojet: Gerber bayan 1NT ko 2NT kawai, ko'ina ban da nan 4♣ na nufin ♣ ne. Sati guda muka yi muna musu kafin mu yarda da wannan layi ɗaya.

Bayan jarrabawar ƙarshe shi Jalingo zai koma, ni Gusau. Mun sa daren Asabar, ƙarfe tara, in akwai caji. 5NT bayan 1NT ce har yau ba mu daidaita ba: ni na ce gayyata ce zuwa bakwai, shi ya ce "zaɓi silam ɗin da ka ga dama" take nufi.