Ranar da Kaset Ya Ƙi Fitowa

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma labarin wata ɓarna ce da na kusa tafkawa da sukundireba.

Lokacin da nake karatun difloma, an tura ni koyon aiki na wata huɗu a wani ofishi. Duk ranar Juma'a ake kwafe bayanan ofishin, har da na albashi, a kan kaset na LTO-5. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, amma yana ɗaukar terabait 1.5, zaren cikinsa kuwa mita 846 ne.

Wata Juma'a bayan la'asar ogana ya tafi ya bar ni da aikin. Ana tsakiyar kwafa aka ɗauke wuta, batirin ajiya bai riƙe ba. Da aka tayar da janareto na danna maɓallin fitar da kaset. Shiru, sai wata 'yar fitila da ke ta ƙiftawa. Na sake dannawa har sau uku. Kwafin wata uku ne a kaset ɗin, kuma ba a ajiye wani ba.

Sai na tuna rediyon gidanmu, yadda in ta cinye kaset muke zaro shi mu naɗe zaren da biro. Har na sa bakin sukundireba a ƙofar na'urar, zuciyata ta ce in fara kiran oga.

"Yallaɓai, kaset ya maƙale, zan ɗan ɓamɓaro shi."

"Kai! Ajiye abin da ke hannunka tukuna."

Ya ce kaset ɗin rediyo ƙafa biyu ke cikinsa, wannan kuwa ɗaya ce. A bakin zaren akwai wani ɗan siririn ƙarfe, shi na'urar ke kamawa ta ja zaren zuwa ƙafa ta biyu da ke can cikinta. Ke nan lokacin da wuta ta tafi, wani sashe na zaren yana cikin kaset, wani yana cikin na'ura. Da na fizga, zaren zai tsinke, ƙila har in lalata kan da ke karanta shi.

Ya sa na rufe manhajar kwafa, domin takan hana kaset fita muddin tana ganin ba ta gama ba. Sannan na danne maɓallin kamar daƙiƙa goma. Bai fito ba. Ya ce in kashe na'urar, in kunna, in janye hannuna, don za ta naɗe zaren da kanta a hankali, abin yakan kai minti goma ko fiye. In hakan ma ya faskara, a bar wa mai gyara ya buɗe ta ya naɗe da hannu.

Na zauna ina jin wani ɗan gurnani daga ciki, gumi na keto min. Can ƙarar ta tsaya. Na danna sau ɗaya, kaset ya leƙo.

Ran Litinin muka gwada shi, bayanan suna nan. Duk da haka oga ya kwafe su a sabo, ya yi wa tsohon alama ya ajiye.

A daren Juma'ar nan na tuna littafin da na shekara ina rubutawa a waya kaɗai yake. Ban kwanta ba sai da na tura shi imel, na kuma sa shi a filash.

Ku fa, naku rubutun a wuri nawa yake?