Farar Jinga da Shanun Kaka

A ƙauyukan da ke bakin kogin Haɗeja, jinga ce abin dogaron kowa. Kakanninmu suka tara ta da fartanya da kwando, aikin gayya, kuma kowace shekara sai an ƙara mata ƙasa kafin ruwan Agusta ya iso. A wurin manya ita ce ta raba gero da ambaliya. Mu yara kuwa, can muke farautar fara.

Kamun fara aikin asuba ne da kaka, lokacin da raɓa ta jiƙa mata fukafukai, sanyi ya hana ta tashi. Sai ka bi gangaren jinga a tsugune, ka kife ta da tafin hannu a kan ciyawa, ka jefa cikin gwangwani. Akwai babe, ƙato mai ƙayoyi a ƙafa, wanda in ya harbe ka sai yatsa ya yi jini. Akwai ƙanana masu launin ƙasa da ba a ganinsu sai sun tashi. Farar tumfafiya kuwa ba mai taɓa ta, tun muna ƙanana aka ja mana kunne cewa ba a cin ta. Da mun kai gida, Inna za ta zuba su cikin tafasasshen ruwan gishiri, a fige fukafukai da ƙafafu, a shanya a faifai, sannan a soya da man gyaɗa a barbaɗa yaji. In dare ya yi, gyare ke karɓar jingar. Kukansa daga ramuka yakan cika kunne har ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka.

Shanu ne suka gyara mana wannan wuri. In an yi girbi, ruwa ya fara janyewa, Fulani sukan gangaro fadama neman burgu, kuma a kan jinga suke bi su wuce. Saniya ta tsinki nan, ta bar can, kofato ya ɗan buɗe ƙasa, balbela na biye tana cafke farar da garken ya tayar. Bayan sun wuce sai ka ga jingar dabbare-dabbare: ga kirikiri gajere, ga tsirin gamba da ba a taɓa ba, ga fili tsirara da rana ke dukansa.

Abin da fara ke so ke nan. Macen takan tura bayanta cikin ƙasa mai ɗumi, ta zuba ƙwai a dunƙule, ta toshe ramin da kumfa. A wasu irin, ƙwan yakan kwana a nan duk rani, sai ruwan farko ya sauka ɗango ya fito. Ɗango na buƙatar ɗanyar ciyawa gajera da zai ci, babbar fara kuma na buƙatar doguwa da za ta fake daga shamuwa da zafin rana. Inda dabba ba ta taka ko kaɗan, ciyawa kan rufe ta yi duhu, ƙasa ta yi sanyi, masu son rana su ƙaura. Kiwo mai wucewa shi ke haɗa musu duka a taku kaɗan.

An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa kuma a 1992, daga nan yanayin ruwan ya sauya. Kachala ta mamaye hanyoyin ruwa da fadamu da dama a tsakanin Haɗeja da Nguru, noman rani ya cinye abin da ya saura, burtali ya tsuke. Ban ga laifin makiyayi ba. Mutumin da aka tare masa gabas da yamma, ina zai kai garkensa in ba kan jinga ba? Sai dai yanzu shanu da tumaki a can suke yini, su aske ciyawa har saiwa. Kofato ya farfasa ƙwan fara, ya danne ramin gyare, ya sassaƙa hanyoyi a gangare inda ruwan sama ke zaizayewa. Ga kuma feshin maganin ƙwari daga gonakin shinkafa. A jingar garinmu tumfafiya da ƙarangiya suka rage. Farar da yaran yanzu ke saye a ƙulle cikin leda, a buhu ake kawo ta daga nesa, yawanci ta Nijar ko ta Maiduguri.

Wannan abu yana yi mini ciwo, kuma ya wuce kewar ƙuruciya. Saiwar kirikiri da jema ita ke riƙe ƙasar jinga. Wanda ya ga yadda matasan Haɗeja suka riƙa kwana suna jera buhunan ƙasa a ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san abin da jinga mai rauni ke jawowa.

Ina roƙon dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo su zauna tare. A buɗe burtalin da aka toshe domin garke ya samu hanyar fadama. A hutar da jinga duk damina, a dasa jema a inda ta zaizaye, sannan da kaka a bar shanu su bi ta kanta su wuce.