Maɗin Ɗinya na Iya



A bazarar 2019 kakata, wadda muke kira Iya, ta kwanta ciwo a gidanmu da ke Sule Tankarkar. Zazzaɓin ya sauka, amma cin abinci ya ƙi dawowa. A kai mata tuwo ta kau da kai, a dama kunu ta kurɓa sau biyu ta ture. Innarmu har kuka take yi a ɓoye. Ran nan ina yi mata fifita sai ta ce, "Ke kishiya, da zan sami maɗin ɗinya mai sanyi, da na sha."

Ni dai ɗinya na sani, baƙar nan mai ɓata haƙori da ake tallanta da kaka, amma maɗinta ban taɓa gani ba. Iya ta ce a da akwai wata babbar bishiya a bakin gonarsu, ita ke ba su ɗinkin na kwaɗo, ita ke ba su 'ya'ya, har malamai kan dafa ganyenta su yi tawada. An sare ta an yi itace tun ba a haife ni ba. Ga shi kuma ba lokacinta ba ne. Sai da Kawu ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya yi ta cigiya, kafin ya samo busasshiya kwano ɗaya wajen wata tsohuwa.

Don ɗoki ban tambayi kowa ba. Na juye rabi a tukunyar ƙarfe, na hura wuta kamar mai dafa ganda, na tafi wanke-wanke. Ƙauri ne ya kira ni. Iya ta jiyo daga ɗaki ta ce, "Kishiya, guba za ki ba ni ki gaje mijin?" Kowa ya yi dariya ban da ni, don saura rabin kwano kawai, kuma Alhamis da nisa.

Washegari aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, tana faɗa ina yi. Na wanke ɗinyar sau uku saboda yashi, na jiƙa ta a ruwan ɗumi tun hantsi har azahar. Ta hana a bar ta ta kwana, wai da zafin nan tsami za ta yi, ta fara tashi, ta zama abin da bai halatta a sha ba. Da ta yi laushi na murtsuke ta da hannu har naman ya rabu da ƙwallon, na tace da tsumma mai tsabta. Ruwan baƙi wuluk, kamar tawadar allo. Sannan na ɗora a tukunyar ƙasa, da itace biyu kacal a murhu, ina juyawa ina kwashe kumfa. A nan aikin yake, don ba a tashi daga wurin. Iya ta ce in riƙa ɗiga shi daga ludayi: muddin yana zuba kamar ruwa, da saura, in ya fara jan zare, a sauke, in aka ƙara kuwa, ya tafi alewa. Sukari ko ƙwaya ba ta yarda an sa ba, kuma gaskiyarta, zaƙin ɗinyar ya isa.

Da ya huce sai ta sa na zuba ludayi uku a kan kindirmo cikin ƙwarya, na burga da maburgi har hannuna ya gaji, abin ya yi kumfa, ya tashi sakayau, launinsa kamar ƙasar fadama.

Saura sanyi, mu kuwa ba mu da firji. Ta ce in binne gindin ƙwaryar cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa, in rufe da faifai, in ɗora jiƙaƙƙen tsumma. Busasshiyar iskar bazara tana shanye ruwan, tana tafiya da zafin. Daga baya na ji a makaranta cewa wani malami a Dutse, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda irin wannan dabara, wato tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Da na gaya wa Iya sai ta ce ita wa zai ba ta tata lambar?

Bayan magariba na kai mata. Ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ce wuta ta ɗan yi yawa. Amma ta shanye, har ta sa yatsa ta suɗe ƙwaryar. Innarmu ta tashi ta shiga ɗaki da sauri. Da safe Iya da kanta ta nemi ɗumame.

Ƙwallayen da na tace ban zubar ba. Na shuka guda goma a bayan gida da damina, biyu suka fito, akuya ta cinye ɗaya. Ɗayar na kewaye ta da ƙaya, yanzu ta fi ni tsawo, sai dai ba ta fara 'ya'ya ba tukuna.