Safar aro ce ta zaunar da ni a benci (Zare 🧵)

1/ Wata uku na yi ina tara kuɗi kafin na sayi but. Safa kuwa aro na yi. Safar aron nan ce ta zaunar da ni a benci ranar da na fi buƙatar ƙafata. Tunda gasar sassa ta kusa dawowa, bari in ba ku labarin, ko wani zai tsira.

2/ Bara ne, ina aji biyu. Sashenmu ya kai wasan kusa da na ƙarshe, ni ke buga lamba 6. Sai labari ya zo cewa kocin ƙungiyar makaranta zai zo kallo, yana neman 'yan tsakiya kafin a fara shirin NUGA. Wallahi kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

3/ Ranar wasa da safe na zazzage jaka. Safata ɗaya ta huje a dunduniya, ɗayar kuma robarta ta mutu. Na ce wa abokin ɗakina ya ara min tasa. Shi 45 yake sawa, ni 41. Ya ce, "Anya kuwa mutumina?" Na ce kai dai miƙo, safa ai safa ce.

4/ Da na ja ta sama, gurbin dunduniyar ya wuce dunduniyata ya hau can baya, daidai inda bakin but ke kama agara. Nan ta tattare ta yi ninki. Ga ta mai kauri, auduga ta yi mata yawa. Na ga ninkin da idona fa, amma na ɗaure igiya na shiga fili.

5/ Minti 20 na fara jin ɗumi a bayan ƙafar dama. Minti 30 kamar an ɗora min garwashi. Safar ta sha gumi, duk juyin da na yi sai ƙafata ta zame a cikin but. Lamba 10 ɗinsu ya yanke ni, na makara da rabin taku, ya ba da fasin, suka zura mana.

6/ Da aka tafi hutun rabin lokaci na cire but. Bororo ya tashi har ya fashe, safar ta manne da jini. Kocinmu, ɗan aji huɗu ne, ya duba ya girgiza kai: "Malam, da wannan za ka koma? Zauna kawai." Aka sa wani ɗan aji ɗaya a gurbina.

7/ Mun farke, mun ci 2-1. Wasan ƙarshe bayan kwana huɗu, da silifas na kalle shi a bakin layi. Yaron da ya canje ni shi aka kira atisayen ƙungiyar makaranta. Ya cancanta, ba na ja. Amma har yau in na tuna sai in ji wani abu a ƙirji.

8/ Sati biyu ina ɗingishi zuwa lacca. Na kira Umma ina neman tausayi, ta ce, "Kai da muka tura karatu? To Allah Ya ƙara sauƙi, ɗan hakin da ka raina ai shi ke tsone maka ido." Ban da amsa 😅 Daga nan na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun farko.

9/ Bororo abu uku ke haɗa shi: goga, zafi da danshi. Fata na tafiya gaba da baya a wuri ɗaya har saman ta rabu da na ƙasa, ruwa ya taru a tsakani. Jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin yin haka. Ninkin safa kuwa yana tara gogar duka a wuri guda.

10/ Don haka abu na farko girma. Safar ƙwallo tana da lamba kamar takalmi, za ka ga 39-42 ko 43-46 a jikin kwalinta. Gwajin mai sauƙi ne: gurbin dunduniya ya zauna daidai kan dunduniyarka, babu rara a gaban yatsu, kuma yatsun ba su takure ba.

11/ Na biyu yadi. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, ta yi nauyi ta saki jiki. Wadda aka yi da nailan ko foliyesta da ɗan roba a ciki ta fi saurin bushewa, kuma tana kama ƙafa. A filinmu mai tauri da ranar ƙarfe huɗu, bambancin ba kaɗan ba ne.

12/ Na uku kauri. Safa da but tare ake auna su. In za ka sayi but, tafi da safar da za ka riƙa wasa da ita, kuma da yamma, don ƙafa tana ɗan kumbura bayan yini. Safa mai kauri a but ɗin da ya kama ka cif, farce ne zai biya bashin.

13/ Na huɗu sha-raɓa. In ka cire safa ka ga ta bar maka zane mai zurfi ƙasan gwiwa, ko yatsu na maka jijjiga, ta matse da yawa. In kuma kowane minti biyar kana sunkuyawa kana jan ta, robar ta gama aiki. Kana sunkuye ake wuce ka.

14/ Doka ma ta shigo ciki. Doka ta 4 a dokokin IFAB ta wajabta safa, kuma dole ta rufe abin kare ƙwauri. In ka naɗa tef a waje, sai launinsa ya zo ɗaya da na wurin da ya rufe. Safar da ke zamewa tana tafiya da kariyarka, ƙwauri ya rage a fili.

15/ Na san za a tambaya kan hujin da irin su Bellingham, Saka da Kyle Walker ke yi a bayan safa. Matsi suke ragewa a sha-raɓa. Amma su ƙungiya ke ba su safa. Kai da ƙafa biyu ke maka zango guda, kada ka kai mata almakashi. Nemi wadda ta fi faɗi a sama.

16/ Akwai kuma gajeriyar nan mai ɗigo-ɗigon roba a tafi, wadda ake ce wa girip. Ana yanke ƙafar safar ƙungiya a sa ta a ciki, a haɗa da tef. Ni ta rage min zamewa sosai. Sai dai ita ma in ba lambarka ba ce, labarin bai canja ba.

17/ Wanki: juya cikinta waje, ruwa mai sanyi, kada ka murɗe ta kamar tsumma, kada guga ta taɓa ta. Zafi ke kashe roba. Kada kuma ta kwana a jiƙe cikin but, daga nan wari da ƙaiƙayin tsakanin yatsu ke farawa. Sabuwa kuwa a atisaye ake fara gwada ta, ba ranar wasa ba.

18/ In ka ji wuri ya fara ɗumi, tsaya ka gyara safar ka manna filasta tun bai tashi ba. Da na yi haka a minti na 20, da wataƙila labarin daban ne. In ya fashe, wanke shi ka rufe. In ya yi ja, ya kumbura ko ya fara mugunya, sai asibiti.

19/ Yanzu ina da ƙafa uku, duka 39-42. Biyu na atisaye, ɗaya na ranar wasa, kuma ba na ara ba na bayarwa. Abokin ɗakina har yau "Mai Safa" yake kirana. Bana ma kocin zai zo kallo, in ji su. Ku sa ni a addu'a.

20/ Wa kuma ƙaramin abu ya taɓa fitarwa daga fili? Igiyar but, farce, ko wandon aro? Ku ajiye labarinku a ƙasa, kada in zama ni kaɗai ake wa dariya. Ku kuma tura wa wannan abokin naku da ke zuwa fili da safar makaranta 🙏