Babbaƙu da Farfaru a Teburin Tela

Ni tela ne a unguwarmu ta Briqueterie, wadda muke ce wa Birik, nan gefen Messa cikin Yawunde. Ba malamin makaranta ba ne ni, kuma bokona bai wuce aji shida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da ya faru a gidana a hutun ƙarshen shekara na 2023, wanda na tabbata ba gidana kaɗai ya shafa ba.

Ina da jika mace, a lokacin shekarunta biyar, tana shekarar ƙarshe a makarantar yara ƙanana, wato matanel. Da yake jika ce, amarya nake ce mata, ita kuwa ta ce mini angon da ba shi da haƙori. Kullum in ta taso sai ta biyo ta shago, ta buɗe littafinta ta rera mini karatun Faransanci tiryan-tiryan, abokan cinikina suna ta sa mata albarka, ni kuwa kaina sai ƙara girma yake yi.

Ran nan babu aiki sosai, sai na ɗauki allin da nake zana yadi da shi, na rubuta wata kalma daga cikin shafin da ta gama rerawa a kan teburin yanka, na ce, "Amarya, mene ne wannan?" Ta duba tebur, ta dube ni, ta ce, "Kaka, ina hoton?" Kalmar kuwa ba wata ba ce illa "moto", haruffa huɗu. Ashe duk wannan karatu hadda ce. Hoton take kallo, ta faɗi abin da ta ji malama ta faɗa. Ban ga laifin malamar ba, domin yaran ajin sun yi mata yawa, kuma da yawansu a ajin suka fara jin Faransanci.

Da na gaya wa ubanta, wato ɗana, hankalinsa ya tashi, don a watan Satumba za ta shiga aji ɗaya, wanda ake kira SIL. Bayan sallar isha'i ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, na yanke shawara. Daga yau a daina yi mata Hausa a gida, sai Faransanci. Makarantar allo ma ta dakata tukuna, rubutu biyu ne suke rikita ta, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu." Na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Gidaje nawa ne a nan Yawunde, da Duwala, inda jika ba ya iya mayar wa kakarsa gaisuwa? Na ce masa, "Ka ba ni wannan hutu. In an koma makaranta ba ta karanta ba, ka yi yadda ka ga dama."

Daren nan ban yi barci sosai ba, ina tunanin yadda aka koya mana. A makarantar allo malam bai taɓa fara mu da kalma ba. Da babbaƙu aka fara, wato baƙaƙe zalla, kowanne da sunansa na Hausa mai nuna kamanninsa: ba guje, ha ƙarami, ɗa mai hannu, mim jaye, lam ara, shin mai ruwa. Sai an ga yaro ya gane su duk inda ya gan su, sa'an nan a kai shi farfaru, inda ake ɗora wasali bisa, da wasali ƙasa, da rufu'a, baƙi ɗaya ya ba da murya uku. Daga nan sai haɗa baƙi. To, na ce a raina, in wannan hanya ta buɗe mana rubutun Larabci, me zai hana ta buɗe na boko?

Na tattara ƙyallayen atamfa da shadda, na yanka haruffa manya-manya da almakashi. Amma farkon abin bai yi kyau ba. Na nuna mata m na ce "em", na nuna mata a na ce "a", na ce ta haɗa, sai ta ce "ema". Na maimaita, ta maimaita. Rana ta uku na daka mata tsawa, ta fashe da kuka, ta ce ta fasa auren. Kwana biyu ba ta leƙo shago ba, kuma wallahi na ji kunyar kaina.

Wata dattijiya da nake yi wa ɗinki, wadda ta yi shekaru tana koyarwa kafin ta yi ritaya, ita ta warware mini. Ta ce, "Alhaji, sunan harafi daban, muryarsa daban. Kada ka ce mata em. Rufe bakinka ka ja mmm, sa'an nan ka buɗe da a." Ta ƙara da cewa kafin ido ya yi aiki sai kunne ya yi, wato yaro ya iya jin cewa "masara" da "mangwaro" da murya ɗaya suka fara, ya kuma iya tafa hannu sau uku a kan ma-sa-ra. Ta ce wannan kuwa da harshen da yaro ya fi ji ake fara shi.

Haka muka yi. Na sayo mata tsire a bakin titi aka shirya. Kullum bayan la'asar minti goma kacal, kuma kamar wasa. Mako biyu ba mu taɓa harafi ba, sai tafi da kacici-kacici: kawo mini abu a shagon nan mai farawa da zzz, ta ruga ta ɗauko zare. Daga nan muka ɗauki a, i, o, da baƙaƙen da muryarsu kusan ɗaya ce a Hausa da Faransanci, irin su m, l, b, d, t. Ranar da ta jera ƙyallaye huɗu da hannunta ta ja murya ta ce "ba-ba", sa'an nan ta zaro ido ta ce, "Kaka, Baba ne!", ranar ce ta fara karatu.

Sai dai kada in ruɗe ku, Faransanci ba ya tafiya a miƙe kamar Hausa. Wasulan Hausa biyar ne, kuma galibi abin da ka rubuta shi za ka faɗa. A Faransanci abin da muke rubutawa u, su ou suke rubutawa, u ɗinsu kuwa wata murya ce da babu ita a bakinmu. Sh ɗinmu shi ne ch ɗinsu. Muryar o kaɗai ana rubuta ta o, ko au, ko eau. Ga p da v waɗanda yaran Hausawa ke mayarwa f da b, ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a faɗa. Waɗannan sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ce mata, "Wannan a gidanmu kaza yake cewa, a gidan su malama kuwa kaza." Ban ga ta rikice ba, domin yaron Birik da ke jin Hausa da Fulatanci da Ewondo da Faransanci a layi ɗaya ya riga ya san abu guda yana da suna fiye da ɗaya.

Daga baya na fahimci cewa abin da muka yi a teburin yanka, manyan ƙasashe ma sun yi ta muhawara a kansa. A Ingila, rahoton Jim Rose na 2006 ya ba da shawarar a fara koya wa yara karatu ta hanyar muryoyin haruffa da haɗa su, kuma tun 2012 ake gwada 'yan aji ɗaya da kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu ne marasa ma'ana, don a bambance mai karatu da mai hadda. A nan Kamaru kuwa, tun 1979 aka tsara haruffan bai-ɗaya na harsunan ƙasa a wannan gari na Yawunde, kuma marigayi Farfesa Maurice Tadadjeu ya fara gwajin koyar da yara da harshen uwa a 1981. Dokar ilmi ta 14 ga Afrilu 1998 ma ta ambaci ɗaukaka harsunan ƙasa. Amma mu Hausawa 'yan tsiraru ne a nan, in muka zauna jiran ranar da za a shigo da Hausa ajin 'ya'yanmu, jikokinmu za su yi furfura. Aikin na gida ne.

Ana saura mako guda a koma makaranta, uban ya zo shago. Na miƙa masa allin na ce ya rubuta abin da ya so. Ya rubuta "tomate". Ta sa yatsa, ta ja a hankali, to-ma-te, sa'an nan ta gyara da kanta ta ce "tomat". Ya rubuta "bateau", ta ce "ba", ta kai t ta tsaya cik, ta ce ba a koya mata wannan ba tukuna. Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, a bar ta a allon." Maganar hana Hausa kuwa bai sake tayar da ita ba.

Don haka ina kira ga iyaye, musamman mata da kakanni da ke wuni da yara: ku rufe hoton da hannu ku ga ko yaronku karatu yake yi ko hadda. In hadda ce, kada ku doke shi, kada kuma ku ɗora wa Hausa laifi. Gawayi da bango sun isa, minti goma sun isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani, amin.